Wane irin tsani ya dace da jirgin katako mai inji a kogin Isa, wato kogin Neja?

Maijirgi Gamkalle ya rubuta:

Salamu alaikum ƴan'uwa. Shawara nake nema wajen masu sanin ruwa da masu aikin ƙarfe. Jirgin na katako ne, tsawonsa mita 12, faɗin cikinsa mita 1 da santi 80, injinsa Yamaha mai doki 40 a baya. Aikinsa ɗaukar masu yawon shan iska daga wajen gadar Kennedy, ranar Laraba kuma ya haura Bubon cin kasuwa. Daga saman ruwa zuwa bakin jirgi santi 70 ne in babu kowa ciki, in ya yi lodi ya koma kamar 45.

Tsani nake son sa masa, kuma abu uku ke gabana. Akwai na inoks, wato farin ƙarfen nan da ba ya saurin tsatsa, ɗan waje mai mataki uku, wanda ke shigewa cikin juna kamar eriyar rediyo. Akwai na igiya mai matakan katako. Ko kuma in ba mai walda ya ƙera mini a nan Yamai. Wanne ya fi? Mataki nawa ya kamata? A wane gefe ake kafa shi? Allah ya saka da alheri.

Baba Sarki Gudel ya amsa:

Wa alaikumus salam. Ɗana, ka haɗa abu biyu cikin tambaya ɗaya. Abin da fasinja ke takawa daga gaɓa ya shiga jirgi daban, tsanin da wanda ke cikin ruwa zai hau ya dawo jirgi daban. Wanda ya sayi abu ɗaya don aikin biyu zai tarar bai yi ko ɗaya ba. Ni a kan na ruwa zan yi magana, don shi ne wanda rai ke rataye a kansa.

Awon tsani daga cikin ruwa yake farawa. Mutumin da ke cikin ruwa ba shi da ƙasar da zai dogara ya yi tsalle, tufafinsa sun jiƙe sun yi nauyi, kuma yawanci ya riga ya gaji. In matakin ƙarshe na ƙasa yana daidai da saman ruwa, sai ya ɗaga gwiwa har ƙirji kafin ƙafarsa ta same shi, sannan ya ja dukan jikinsa da ƙarfin hannu. Saurayi zai iya. Dattijo mai tumbi ko mace da zane ba za su iya ba. Shi ya sa masu tsara ƙa'idar ƙera jiragen ruwa a Amurka, wato ABYC, suka ce matakin ƙasa ya nutse aƙalla inci 22, kusan santi 56 ke nan. Ka riƙe 60 don sauƙin lissafi.

Ka yi awo jirgi yana wofi, ba da lodi ba, domin lokacin ne ya fi tashi sama kuma tsanin ya fi gajarta. Naka 70 a sama, 60 a ƙasa, jimla santi 130 daga matakin ƙasa zuwa bakin jirgi. Raba biyar, ka samu 26. To mataki biyar ne, tazarar santi 26 tsakaninsu: uku suna cikin ruwa, a zurfin 60 da 34 da 8, biyu suna sama, a 18 da 44, taku na gaba kuma bakin jirgi ne. Kada tazara ta wuce santi 30, kuma ta zama ɗaya tun daga ƙasa har sama. Cikin jan ruwan Agusta da Satumba ba ka ganin ƙafarka ko da taƙi ɗaya ne ƙarƙashin ruwa, da lalube ake hawa, ƙafa kuma inda ta samu mataki na fari a nan take neman na biyu.

Da wannan lissafi ɗan wajen nan mai mataki uku ya faɗi. Tsawonsa ba ya kai mita ɗaya. An yi shi ne don jiragen roba masu dandamali a baya wanda ke dab da ruwa. In ka rataya shi a bakin naka, matakin ƙasa da ƙyar zai jiƙe. Ga kuma wata illa da mai sayarwa ba zai faɗa maka ba: bututun da ke zamewa cikin juna ba sa shiri da ruwanmu. Laka da rairayi suna shiga tsakani, su bushe, ranar da ake buƙatarsa a ja ya ƙi fita.

Na igiya kuwa, ajiye shi a matsayin na ko-ta-kwana. Da zarar an taka shi sai ƙafafu su shige ƙarƙashin jirgi, mutum ya koma rataye kamar jemage, bayansa a ruwa, nauyinsa duka a hannu. In ruwa na gudu, kamar lokacin cikar Disamba da Janairu, ruwan da kansa zai kwantar da shi. Ga yatsu da ke matsewa tsakanin mataki da jikin jirgi.

Ka ƙera a nan. Amma abu biyu kada a manta da su, don su ne masu walda da ba su san ruwa ba suke tsallakewa. Na ɗaya, ƴan ƙafafu biyu masu tokare jikin jirgi su riƙe tsanin nesa da katako santi 12 zuwa 15, don tafin ƙafa ya samu wurin zama, ba kan yatsu kawai ba. Jirgin katako bakinsa ya fi cikinsa buɗewa, saboda haka a auna tsawon ƙafafun nan a jikin jirgin, yadda tsanin zai tsaya tsaye ko ƙasansa ya ɗan fito waje kaɗan. Na biyu, hannuwan tsanin su zarce bakin jirgi da santi 40 ko fiye, su lanƙwasa ciki. Wurin da aka fi faɗowa shi ne taku na ƙarshe, lokacin da mutum ya kai sama ya rasa abin kamawa sai santsin bakin jirgi.

Usta na Katako ya amsa:

Baba ya gama da awo, ba ni da ƙari. Bari in faɗi na ƙarfe.

Inoks kala-kala ne. Wanda littattafan jirgi ke yabo shi ne 316, don akwai wani sinadari cikinsa mai hana gishirin teku cinsa. Kogin Isa ruwan daɗi ne, 304 ya ishe ka, kada ka biya kuɗin teku. Wanda za ka guje wa shi ne 201, wanda ake yin kwalliyar ƙofofi da matakalar bene da shi. Ƙyallinsu ɗaya a ido, amma shi damina ɗaya ko biyu zai fara jan tsatsa a wajen walda. Kuma mayen ƙarfe ba zai raba maka gardama ba: yana tona asirin ƙarfen da yake kamawa ƙam cewa ba 304 ba ne, amma 201 da 304 duka ba sa kama shi sosai. Duba lambar da aka buga a jikin bututun. In babu lamba, ɗauke shi a matsayin 201 ka yi ciniki a haka.

Bututu mai faɗin milimita (mili) 25, kaurin bango mili 2. Na san akwai mai mili 1 da ya fi araha, amma yana lanƙwashewa ƙarƙashin ƙato, kuma waldar sanda tana huda shi. Tsani irin wanda Baba ya zana, faɗinsa santi 35 tsakanin hannuwa, zai ci sanda ɗaya ta mita 6 da ɗan ƙari, nauyin ƙarfen wajen kilo 7. In akwai mai waldar argon, shi za ka ba. In waldar sanda ce, a sa sanda mai lamba 308L. In dole sai an haɗa inoks da baƙin ƙarfe a wani wuri, 309L ake sawa a nan. Kuma ka tsaya a kansa: faifan gurza da burushin waya da aka taɓa aikin baƙin ƙarfe da su kada su taɓa inoks ɗinka. Ɓurɓushin ƙarfen yana maƙalewa, bayan sati biyu ka ga tsatsa, ka zagi mai sayarwa alhali laifin faifai ne.

In aljihu bai kai inoks ba, tiyon galba na famfo, wato ƙarfen da aka lulluɓe da farin da ke hana tsatsa, yana yi, inci uku bisa huɗu. Sharaɗinsa: a gurje farin da ke jikinsa santi 2 zuwa 3 kewaye da inda za a yi walda, a yi aikin a fili don hayaƙinsa yana sa zazzaɓi da ciwon kai, sannan a shafe kowace walda da fenti mai hana tsatsa shafi biyu. Wurin walda ne yake fara ruɓewa, don wuta ta cinye kariyarsa. Duk ƙarshen damina a duba a sake fenti. Alminiyom ba shi da nauyi, amma masu iya waldarsa kaɗan ne, kuma in ya gaji tsagewa yake yi ba tare da ya lanƙwasa ya yi maka gargaɗi ba.

Matakai kada a bar su zagayayyen bututu tsirara. Yana cin tafin ƙafa, kuma da laka ko gansakuka ya koma sabulu. A ɗora katako mai tauri irin madaci, faɗin santi 6 zuwa 8, kauri santi 2 da rabi, a tsaga masa layuka biyu ko uku a tsawonsa, a ɗaure da bulon (ƙusa mai noti) biyu kowane mataki, kan bulon ya nutse cikin katakon. Kada a shafa masa barnis, santsi yake ƙarawa. Katako yana da wata fa'ida: a watan Afrilu da Mayu ƙarfen da ya yini a rana ba ya takuwa da ƙafa babu takalmi.

Ƙasan kowane hannu a huda ɗan rami na mili 5 don ruwa ya tsiyaye, ko kuma a toshe bakin da walda gaba ɗaya. Rabi da rabi shi ne matsala, ruwa ya shiga ya kwanta. Duk kaifin walda a goge shi har yatsa ya bi bai ji komai ba. Fatar da ta daɗe a ruwa ba ta da wuyar yankewa.

Kafin ka biya cikon kuɗi, a gwada. Ƙa'idar da Baba ya ambata tana neman tsani ya ɗauki kusan kilo 180. A rataya shi a bango yadda zai zauna a jirgi, a ɗaura buhu huɗu na rairayi mai kilo 50 a matakin ƙasa. In wani wuri ya lanƙwasa ko walda ta buɗe, gara a gani a rumfar mai walda.

Mekanisiyen Saga ya amsa:

Malam Maijirgi, a littafi za ka ga an ce a sa tsani a bayan jirgi, don can ne ya fi ƙasa kuma jirgi bai cika karkata ba. Wannan maganar jiragen da bayansu ke da faɗi ce. Naka bayansa siriri ne kuma inji ya cinye wurin. Sa shi a gefe, wajen kashi ɗaya cikin uku na tsawon jirgin in an auno daga baya, kamar mita 3 zuwa 4 daga inji. A nan direba yana ganin mai hawa, ƙafafunsa kuma sun yi nesa da farfela.

Duk da haka, in mutum yana ruwa kusa da jirgi, inji a kashe yake. Ba a sa shi a furi, wato a cire giya inji na aiki, a ce ya isa. Gwiwar wani ta taɓa hannun giya, ko wayar giya ta saki, shi ke nan. Farfela ko ba ta juyawa tana yanka. Dole direba ya saba da ɗaura igiyar kashe inji a hannunsa, jan nan mai lanƙwasa da yawancin direbobi ke naɗewa a jikin inji su manta da ita. In ruwa na gudu kuma, a kusanci mutum jirgi yana fuskantar inda ruwa ke fitowa, a miƙa masa gora ko igiya ya kama tukuna, sannan a kashe inji a jawo shi wajen tsani.

Hawa ta gefe yana karkatar da jirgi. Mai faɗin mita 1 da 80 zai jure mutum ɗaya, abin tsoro shi ne fasinjoji. Kowa zai taso ya leƙa gefen da abin ke faruwa. Dole yaron jirgi ya san aikinsa tun kafin ranar: mutum biyu ko uku su koma ɗaya gefen su zauna, saura kowa ya tsaya inda yake, mutum ɗaya tak ke taimakon mai hawa.

Kafawa ita ce inda aiki mai kyau ke lalacewa. Kusa ko sukuru da aka murɗa cikin katako ba ya riƙe tsani. Mai hawa ba ƙasa kawai yake danna shi ba, waje yake fizgarsa, katakon da ke jiƙewa yana bushewa kuma a hankali yake sakin sukuru. Bulon ake sawa mai ratsa katako ya fito ta ciki, mili 8 ko 10, biyu a kowane hannu. Ta ciki a sa farantin ƙarfe mai kaurin mili 4 ko 5, kamar santi 8 da 15, ko guntun katako mai tauri na santi 3, don nauyin ya bazu. Rondel, wato wasa, mai faɗi, sannan noti mai roba a ciki wanda girgizar inji ba ta kwance shi. In za ka iya, daidaita wurin da ɗaya daga cikin katakan da ke tsaye ta ciki kamar haƙarƙari, ba tsakiyar allo ba. Kafin ka huda, soka tsinin wuƙa a katakon. In ta shige da sauƙi, ruɓa ta fara, a canza allon tukuna. Kowane rami a cika shi da gam mai hana ruwa shiga irin Sikaflex, ko kwalta, kafin bulon ya shiga, in ba haka ba ta nan ruɓa za ta kama. Bulon ya zama jinsin tsanin: inoks da inoks, galba da galba.

Tsanin ya zama mai naɗewa. A sa mahaɗi kaɗan sama da layin ruwa na lokacin lodi, ɓangaren ƙasa ya riƙa ɗagowa ya kwanta a kan na sama. Mahaɗin ya samu abin tokare, yadda in an sauke shi ba zai wuce tsaye ya shige ƙarƙashin jirgi ba, in ba haka ba ka sake ƙera tsanin igiya da ƙarfe. Kada a yi tafiya da shi a sauke. Yana tara kainuwa har ya riƙa jan jirgi gefe, kuma a Mayu da Yuni da ruwa ya janye, tudun rairayi ko dutse zai kama shi ya ɓalle allon da ke riƙe da shi.

Hajiya Mai Kifi Harobanda ta amsa:

Kun yi ta maganar wanda ya faɗa ruwa. Allah ya kiyaye. Amma mu da muke shiga jirgi kullum da kwando a ka da goyo a baya fa? Mace da zane ba ta hawa tsani mai tsaye a gaban jama'a, tsoho da babbar riga ma haka.

Na gaɓa allo ne. Katako biyu masu faɗin santi 25 a jera su, a haɗa ta ƙasa da ƴan sanduna, faɗi ya zama rabin mita. Kauri santi 4 ko 5, tsawo mita 2 da rabi zuwa 3, don kada gangaren ya yi tsanani. A sama a buga ƴan katakai a gicciye duk santi 30, saboda takalmin roba da laka ba su da amana. Kan da ke bisa jirgi ya samu ƙugiya ko igiya a ɗaure shi, domin abin da ke kayar da mutane shi ne jirgi ya ja baya kaɗan allon ya zame. A ɗaure jirgin gaba da baya kafin a ɗora allo. Sannan yaro ɗaya a gaɓa, ɗaya a jirgi, su riƙe gora a tsayin ƙugu, mutum ya dafa. Ɗaya bayan ɗaya ake hawa, kaya kuma a miƙa su daban.

Maijirgi Gamkalle ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Hajiya, an karɓi gyara, allo zai zo. Saura abu ɗaya. Jirgin a bakin kogi yake kwana, inoks kuma yana ɗaukar ido. Ba zai fi ba in yi mai ƙugiya, wanda ake ratayawa a bakin jirgi in buƙata ta taso, in an gama a ajiye ƙarƙashin benci?

Usta na Katako ya amsa:

Ana yi, kuma ya fi sauƙin ƙira. Sai dai ƙugiyar ta zauna daidai da kaurin bakin jirginka, in ta yi faɗi tsanin zai riƙa zamewa gefe, in jirgi ya karkata ta fita. A auna kaurin a ƙara mili 5 kawai, a sa mata tiyon roba don kada ta ci katako, a ɗaura mata ƴar igiya a jikin benci don kada ta tafi ƙasan kogi.

Baba Sarki Gudel ya amsa:

Usta, a nan ban bi ka ba. Tsanin da ke ƙarƙashin benci, buhunan Bubon a kansa, sai wani ya tono shi. In kuma direba ne ya faɗa yana shi kaɗai, wa zai rataya masa? Dole wanda ke cikin ruwa ya iya sauke tsanin da hannunsa.

Ga yadda za a raba gardamar. A kafa kwasfa biyu na dindindin a bakin jirgi da bulon, yadda Mekanisiyen ya faɗa, guntayen bututu da suka ɗan fi hannun tsanin faɗi. Tsanin ya riƙa zama cikinsu, a soka fil a kowace, fil ɗin ɗaure da ƴar sarƙa. Da safe kafin a tada inji a zura shi, da dare a zare a tafi da shi gida tare da tankin mai. Kilo tara ko goma ne har da katakon, yaro zai ɗauka.

Da rana kuma, ɓangaren da aka naɗe kada a ɗaure shi da ƙullin da sai an hau jirgi a kwance. A riƙe shi da zaren roba na tiyub, ko ƙullin zarge wanda ja ɗaya ke warwarewa, a bar jelar igiyar tana lilo ta waje kamar taƙi ɗaya sama da ruwa. Igiyar ta zama mai launi, ja ko ruwan ɗorawa, kaurin mili 8, da ƙulli babba a ƙarshe don jiƙaƙƙen hannu ya kama. Kada ta yi tsawon da za ta ja a ruwa. Igiyar leda mai shuɗin nan rana tana cinye ta, in ka murza ta ka ga tana zubar da gari, canza ta. Wanda zai ja kuma ya tsaya ta gefen tsanin, ba ƙarƙashinsa ba, don ƙarfen zai faɗo da nauyinsa.

In an gama kafawa, ku kai jirgin inda ruwa ya kai wuya kuma babu dorina, inji a kashe, ku sa wanda ya fi kowa jiki cikin ma'aikatanka ya sa rigar kariya ya shiga da tufafinsa, ya ja igiyar ya hau ba tare da an miƙa masa hannu ba. Rigar kariya tana ƙara wa ƙirji kauri, wani lokaci ta maƙale a mataki ko a bakin jirgi. In ta maƙale, a gaya wa Usta ya ƙara wa hannuwan sama tsawo.